Ƙafar da Ke Kallon Ƙofa

Ni mai zanen allon aski ne a Ƙofar Marke,
mai rubuta "Allah Ya Tsare" a goshin mota.
Ban taɓa zana mai rai yana zaune gabana ba
sai ran da Hajiya Tumba ta aiko daga Kanwuri.

Ta miƙo mini shafin kalanda, gefensa ya sha mai,
wai cikin dilar gwanjo aka tsince shi:
'ya'yan wani sarkin Denmak su biyu, na zamanin da ya shuɗe,
farare kamar nonon safe,
riguna sun kumbura kamar an kife masaki,
labule a bayansu, ɗan kwikwiyo a gabansu.
"Haka nika son ka yi min jikokina."

Aka kawo Luba, mai shekara sha ɗaya,
aka kawo Inno, wadda haƙoranta na gaba suka tafi yawo.
An naɗe su cikin leshi mai ƙaiƙayi,
sarƙar kakarsu ta kai wa Inno har cibiya.
Zafin bazara na lasar bangon soro,
fanka ta tsaya tun hantsi.

Luba ta iya zama. An koya mata.
Ta rataye idonta jikin wata ƙusa
ta bar shi can.
Inno kuwa ruwa ce a tafin hannu.
"Malam, ba ka ƙare ba? Ƙahwata ta mutu."
Jakadiya ta harare ta, ta yi tsit.
Ta bayan katanga ana 'yar gala-gala,
wata na rantsuwa ba ta taka layi ba.

Da dare a shago na kunna fitilar waya,
na duƙa kan 'ya'yan Denmak
ina satar yadda ake zuba inuwa a wuya.
Sai na ga ƙaramar.
Hannunta na hagu a dunƙule yake cikin ninkin riga,
takalminta ɗaya kuma ya karkace,
ba mai zane yake kallo ba,
ƙofa yake kallo.

Na yi dariya ni kaɗai har maigadi ya leƙo.
Ashe abokin sana'ata, wanda ƙasa ta daɗe da cinyewa,
ya gani, kuma ya bari.
An biya shi ya zana sarauta,
ya saci ɗan wuri ya zana yarinya.
Ban san sunanta ba.
Ban san abin da ke kiran ta a waje ba,
ko ƙanƙara, ko wani wasa da ba shi da suna a bakinmu.

Rana ta uku na ce, "Inno, mi kika ɓoye?"
Ta dubi jakadiya, ta ga tana gyangyaɗi,
ta buɗe yatsu a hankali:
fara ce koriya, tana motsa gashin baki.
"Sunanta Gimbiya. Ita ma ba ta son zama."

Da Hajiya ta zo duba aiki ta sa tabarau.
"Cike mata haƙora.
Share tabon ga na haɓa,
ɗiyan gidan ga ba su faɗuwa."
Na ce to.
Mai neman kuɗin haya ba ya musu da mai gida.
Na cike, na share, na ƙara wa zinare haske.
Hannun dai na bar shi a dunƙule,
ƙafar kuma ta ci gaba da kallon inda take kallo.

An rataye shi sama da kujerar baƙi.
Kowa ya shigo sai ya ce tubarkalla.

Ina tattara gwangwanaye da burushi
Luba ta zo ta tsaya, ba leshi, ba sarƙa,
ta daɗe tana duban kanta a bango.
Ta ga hannun. Ta ga ƙafar.
Ta ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Malam, ni ba ka bar min komi ba?"

Na duba.
Kwana uku tana zaune gabana,
ƙusar kawai na gani.